Tumatirin gwangwani da gumin 'yan Uyghur

Jama'a wallahi akwai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Duk sanda aka taso da maganar 'yan uwanmu Musulmi 'yan ƙabilar Uyghur na ƙasar Chaina sai a tsaya kan sansanonin da aka tsare su da masallatan da aka rushe, kuma gaskiya ne abin kuka ne, amma ba kasafai nake jin ana maganar gona ba, alhali ta gonar ce abin yake biyowa har cikin tukunyar miyarmu.

Yankinsu na Xinjiang shi ke noma kusan kashi 20 cikin 100 na audugar duniya, kuma mafi yawan tumatirin da Chaina ke markaɗawa ta fitar waje a can ake noma shi, ga barkono ga jan dabino. To wa ke tsinka? Jami'an gwamnati ne ke bi ƙauye-ƙauye gida-gida, kowace gunduma an yanka mata adadin mutanen da za ta kawo, a kwashe su a kai gonaki ko masana'antu da sunan yaƙi da talauci, wasu ma gonarsu ta gado aka sa suka miƙa wa manyan kamfanoni sannan suka dawo lebura. Mutumin da ya ga an tafi da maƙwabcinsa sansani saboda gemu ko sallah, in aka ce masa tashi ka tafi aiki, don Allah da wane baki zai ce a'a? Wani mai bincike Adrian Zenz ya bi takardun gwamnatin da kanta, ya gano a 2018 kaɗai an tura mutum aƙalla 570,000 tsinkar auduga daga Aksu da Hotan da Kashgar. A Agustan 2022 jami'in Majalisar Ɗinkin Duniya mai bibiyar bautar zamani, Tomoya Obokata, ya ce akwai hujjar yarda cewa an yi aikin tilas a noma da masana'antu a yankin.

Chaina ta musanta, ta ce ana biyan su albashi kuma yanzu injina ke yawancin girbi. Ni dai a wurina biyan kuɗi ba ya wanke tilas, in ba ka da ikon ƙin aiki to ba ɗan ƙwadago ba ne kai. Kuma in komai lafiya lau ne me ya sa ba a barin masu bincike su zagaya su yi hira da mutane ba tare da jami'i na tsaye a kansu ba?

Markaɗaɗɗen tumatirin nan a manyan durom-durom ake loda shi, a kai wata ƙasa a tsinka shi a zuba a gwangwani a manna sabon suna. A Disambar 2024 BBC ta gwada wasu da ake sayarwa a Ingila da Jamus, har da masu ɗauke da sunan Italiya, ta ce 17 daga ciki da alama akwai tumatirin Chaina, kodayake kantunan sun yi gardama. Amurka tun Janairun 2021 ta hana shigar auduga da tumatirin Xinjiang, daga Yunin 2022 kuma dokarta ta ce duk kayan da ya fito daga can na tilas ne sai in ka kawo hujjar akasin haka. To kayan da aka rufe wa ƙofa a can ai ba zubar da shi za a yi ba, kasuwar da ba a tambaya zai nema, kuma Afirka ta Yamma ta daɗe tana cikin manyan masu sayen tumatirin Chaina, Gana da Najeriya musamman. Ba na cewa kowane ɗan leda ko gwangwani da ke shagon unguwa daga can yake, abin da ke ba ni haushi shi ne ba a rubuta mana inda aka noma shi, sai inda aka ƙulla shi. Ga manomanmu na Kadawa tumatirinsu na ruɓewa a kwando lokacin kaka.

Wanda ya fi ƙona mini rai, a Oktoban 2022 aka nemi a tattauna batun 'yan Uyghur kawai, tattaunawa fa, a kwamitin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya, aka kayar da shi da ƙuri'a 19 da 17, kuma cikin waɗanda suka ce a'a akwai Pakistan da Indonesiya da Katar da Senegal da Sudan. Najeriya ma tana cikin ƙasashen da suka sa hannu a wasiƙar goyon bayan Chaina a 2019. Bashi da kwangila sun ɗaure bakin shugabanni, Allah Ya kyauta.

Ni abin da nake so NAFDAC ta tilasta wa masu ƙulla tumatir su rubuta ƙasar da markaɗaɗɗen ya fito a jikin kowace leda, malamanmu kuma su riƙa ambaton 'yan Uyghur a huɗuba yadda suke ambaton Falasɗinawa. Allah Ya kawo musu ɗauki.