Ambaliyar Legas: an bar jaki ana dukan taiki

Duk shekara idan ruwan Yuni da Yuli ya sauka, Lekki ta koma gulbi, motoci suka nutse a Iyana Oworo, jawabin da ke fitowa daga Alausa, fadar gwamnatin jihar Legas, ɗaya ne: mutane na zuba shara a kwata, kuma yanayin duniya ya sauya. A kan wannan hujja aka haramta mazubin abinci na soso a Janairun 2024. To, an haramta. A ranar 3 ga Yulin shekarar aka wuni ana ruwa, birnin ya tsaya cik. Ledar fiya wata na toshe lambatu, gaskiya ne, amma wanda ya ce ita ce ke nutsar da Legas ko dai bai san ƙasar ba, ko ya sani yana kare wani.

Legas a kan ruwa take zaune. Yawancin Victoria Island da Lekki da Ajah ba su ɗara teku tsawo ba sai da 'yan mitoci, kuma kafin a gine su fadama ce da dausayi da itatuwan bakin ruwa masu saiwa a waje. Aikin fadama shi ne ta shanye ruwan sama, ta riƙe shi kwana da kwanaki, tana sakinsa a hankali zuwa tafkin Legas. Ga lissafin da ba a son yi. Fuloti ɗaya na Legas, ƙafa 60 da 120, ya kai kimanin murabba'in mita 650. Idan aka yi ruwa na milimita 100, abin da ke faruwa a rana guda a tsakiyar damina, kusan lita 65,000 ke sauka a kansa, wato tankar mai biyu. Da can ƙasa ke shanye mafi yawa. Yau mai fuloti ya kawo tifofi ya cike wurin da yashi, ya ɗaga shi sama da titi, ya kafa rufi, ya shafe tsakar gida da siminti, ya zagaye da katanga, ya bar bututu ɗaya yana kallon waje. Tankokin nan biyu cikin mintuna suke faɗawa titi. A ninka wannan da gidajen da ke tsakanin Lekki da Sangotedo, sannan a sake yi mana zancen leda.

Abu na biyu, ruwa ba ya hawa tudu. Magudanan Legas a tafki suke zuba, tafkin kuma da teku yake haɗe ta bakin tashar jirage. Idan ruwan sama ya yi daidai da cikar teku, bakin magudana na nutsewa, ruwa ya tsaya ko ma ya dawo da baya. A irin wannan sa'a kwata ko an wanke ta da sabulu ba ta da amfani. Abin da ke ceton unguwa shi ne fili mai kwari da ruwa zai kwanta ya jira tekun ta janye. Filin nan shi aka sayar.

Wa ya sayar? Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ɗora ƙasar jiha a hannun gwamna. Takardar mallaka daga gwamnati take fitowa, haka izinin gini. Dokar 1992 ta wajabta a auna illar babban aiki ga muhalli kafin a fara. Saboda haka idan katafila ta shiga Ikota a 2023 ko Mende a 2024 tana rushe gidajen da aka gina kan hanyar ruwa, tambayar da ta dace ita ce ina jami'an suke lokacin da ake zuba harsashi, ake jera bulo, ake ɗora bene. Gini ba naman kaza ba ne da zai tsiro cikin dare. Mai gida ya yi asara, wanda ya sa hannu ko ya kau da kai yana ofis.

Kuma katafilar ma ta san fuska. A 1990 aka share Maroko, aka kori mutum kusan 300,000 da sunan wurin kwari ne mai haɗari. Aka cike shi da yashi, yau yana cikin mafi tsadar filaye a Najeriya. Otodo Gbame ta bi sahu a 2016 da 2017, duk da cewa kotu daga baya ta ce korar ta saɓa wa tsarin mulki. Talaka a bakin ruwa barazana ce ga muhalli, attajiri a daidai wurin ci gaba ne. Masu kare Eko Atlantic, sabuwar unguwar da aka cike teku da yashi ake ginawa, na cewa katangarta da aka tsara ta kai kilomita takwas da ɗoriya ta ceci Victoria Island daga teku. Ta ceta. A je Okun Alfa, gabas da ita, a ga inda teku ke cin gidaje da itatuwan kwakwa.

Yashin da ake cike fadamun da shi kuwa daga ƙasan tafki ake zuƙo shi. Haƙar na zurfafa gindin ruwa, gaɓa ta riƙa zaftarewa, ruwa ya gurɓace da laka, wuraren ƙwan kifi su lalace. Masuncin Epe da Ikorodu ne ke biya. A Ibeju-Lekki, inda aka ware hekta dubbai ga yankin ciniki da matatar Dangote da sabuwar tashar jirage, gonar rogo ta zama fuloti. Kuɗin fili ya ƙare cikin shekara biyu, ɗan manomi ya koma gadi a ƙofar rukunin gidajen da aka gina kan gonar ubansa. Sannan kowane sabon gida sai ya haƙa rijiyar burtsatse. Yawan zuƙo ruwa na sa ƙasa mai laushi ta riƙa nutsewa, ruwan gishiri kuma ya kutso cikin rijiyoyi.

Mutanenmu 'yan Arewa mazauna Legas su daina ɗaukar wannan a matsayin rigimar masu gari. Mai gadi da ɗan garuwa da ɗan dako ba a kan yashin da aka ɗaga suke kwana ba, a ƙasan gangara suke, inda ruwan maƙwabci ke sauka. Idan aka saki madatsar Oyan, kogin Ogun ya cika, Agiliti da Mile 12 ne ke sha, kusa da kasuwar da tumatir da albasarmu ke sauka, domin fadamar Isheri da ya kamata ta ɗauki ruwan ta zama gidaje. Masu lambun latas da alayyahu a gefen Ojo da Iba kuwa kullum matsar da su ake yi.

A fitar da taswirar fadamun da suka rage, a buga ta kowa ya gani, a rufe ba da takarda a cikinsu. Kowane sabon gini ya bar wani kaso na filinsa ba siminti, ko ya gina ma'ajin ruwan rufinsa. Duk gidan da aka rushe a kan magudana, a karanta sunan jami'in da ya amince da shi a ranar. Sarakunan Hausawa na Agege da Idi Araba da Mile 12, da ake tuna su lokacin zaɓe, su kai wannan magana Alausa kafin Yuni.