Injera ba lalacewa tayi ba, haka tsaminta yake

Jama'a da yawa in suka fara cin injera, abincin mutanen Habasha, suka ji tsami sai suce wai ta kwana ta lalace. Wallahi ba haka bane, da gangan ake tsamar da ita. Ana yinta ne da garin tef, wani hatsi mai ƙananan ƙwaya sosai, a kwaɓa da ruwa a zuba ruwan tsamin da aka ajiye daga kwaɓin baya sannan a rufe a barshi kwana 2 zuwa 3 ya tashi, kusan yadda muke barin ƙullun waina. Daga nan a zuba a faffaɗan kasko, gefe ɗaya kawai ake gasawa, shiyasa samanta duk ƙananan ramuka, kuma su ne ke shan miya.

Tsamin nan fa shi ke daidaita yajin miyarsu, musamman doro wat ta kaza da dafaffen ƙwai. Akan injerar ake zuba miya a faranti ɗaya, kowa ya gutsura da hannun dama. In mai gida ya naɗo loma ya miƙo bakinka ka karɓa, gursha kenan, girmamawa ce babba a wajensu.