Motsa Ciki Kaɗai Ba Ya Rage Tumbi

Samari da yawa a Garwa da Marwa, a arewacin Kamaru, kan kwanta a tabarma, su ɗago su koma sau ɗari, da fatan tumbi ya narke. Wannan motsin naman ciki kawai yake ƙarfafawa. Kitsen da ya rufe shi ba ya raguwa sai abin da jiki ke ƙonawa ya zarce abin da ake ci.

Saboda haka a duba kwano. Babban cokalin mai ɗaya yana da kalori (ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki) kusan 120. A rage soye-soye da sukarin shayi, a ɗan rage malmalar tuwo, amma kada a zauna da yunwa, domin tsoka ce za ta zube. Mai nauyin kilo 70 ya nemi furotin (sinadarin gina jiki) kusan giram 110 kullum daga wake, kifi, nama, nono da ƙwai. Ƙwai ɗaya yana da furotin kusan giram 6.

Ɗaga ƙarfe kuwa kwana 3 a mako ya isa: tsugunno da nauyi, turawa da jawowa, zagaye 3, kowanne sau 8 zuwa 12. Lokacin bazara a yi shi da sassafe, da ruwan sha a kusa.