Nasiha ga matasa masu haɗa kayan lantarki da kwamfuta

'Yan'uwana matasa masu wasa da Arduino (ƙaramin allon lantarki da ake rubuta wa umarni daga kwamfuta) da makamantansa, don Allah ku saurare ni. Kullum sai ka ji wani yana kukan wai ba shi da kuɗin haɗa abin da ya ƙera da kwamfuta, alhali ɗan ƙaramin adafta ne na USB ake buƙata, mai ɗan guntun lantarki da ake kira CH340 ko CP2102 a jiki, kuɗinsa bai kai datar da kake ƙonawa a kallon bidiyo ba. Arduino na kwaikwayo da ake kawowa daga China ma yawanci CH340 ɗin ne a jikinsu kuma suna aiki lafiya lau, in kwamfuta ta ƙi gani direba (manhajar da ke sa kwamfuta ta gane shi) kawai za ka sauke. Wanda ba shi da laftof, wayar Android da igiyar OTG (mai haɗa wayar salula da kayan USB) sun ishe shi ganin abin da allonsa ke turowa.

Kafin ka ce allo ya mutu duba igiya tukuna, yawancin igiyoyin cajin nan na bakin titi waya biyu ce kawai a ciki, babu ta data, fitila za ta kama amma kwamfuta shiru. Wajen jona adafta da allo, TX (ƙafar turawa) yana zuwa RX (ƙafar karɓa) ne, RX zuwa TX, GND (ƙafar negatif) a haɗe. Baud ɗin ma, wato saurin tura bayanai, ku daidaita, in allo na kan 115200 kai kana kan 9600 shirme kawai za ka gani a fuska.

Amma abin da ya fi damuna shi ne yadda kuke ganganci da wuta. Allunan ESP32 da Raspberry Pi Pico na 3.3V ne, Arduino Uno na 5V, amma mutum ko ɗan jampan da ake zaɓar 3.3V ko 5V da shi a kan adafta ba zai duba ba, ya jona kawai, sai ƙauri ya tashi. Ramin USB 2.0 kuwa 500mA aka tsara ya bayar, kai kuma ka ɗora masa mota (ƙaramin inji mai juyawa) da sabo (servo, shi ma wani irin mota ne) har da famfon ruwa, wallahi zalunci ne, balle ma laftof ɗin na yayanka ne ka aro ko kuma sai da baba ya sayar da amfanin gona aka saya maka. Mota a ba ta batirinta daban, GND kawai za ku haɗa.

Wutar NEPA kuma 230V ce, ba abokiyar wasa ba ce, tana kisa. In za ka kunna ƙwan ɗaki ko fanka sai ta hanyar rile (makunnin da allo ke sarrafawa) mai optocoupler irin PC817, wanda ke raba allonka da ɓangaren rilen, kuma kar ka taɓa komai alhali yana jone da soket. Wanda zai iya ma ya tura bayanan ta Bluetooth da ɗan allon HC-05 ko wayfai ɗin ESP32, babu wata waya tsakaninsa da laftof.

Ku sayi mitar auna wuta (multimeter) ko da ta arha ce, ku riƙa auna wuta kafin ku jona. In kuɗin mutum ɗaya bai kai ba ku haɗa ku uku ku saya, ku riƙa karɓa-karɓa.