Likitan da ke rubuta hoton CT (hoton eksire na kwamfuta mai nuna cikin jiki yanki-yanki) ya san adadin hasken radiyeshan da ke ciki?

Hoton ƙirji na eksire yana ba jiki radiyeshan da bai wuce milisibat (ma'aunin radiyeshan da jiki ya ɗauka) 0.1 ba. Hoton CT na ciki da ƙugu kuwa yana kai milisibat 8 zuwa 10, wato kusan hoton ƙirji ɗari a zama guda. Abin da mutum ke samu daga ƙasa, iska, abinci da sararin sama a shekara, a matsakaicin lissafin duniya na 2008, milisibat 2.4 ne. Duk mai ikon rubuta takardar hoto ya kamata waɗannan alƙaluma su zauna masa a ka kamar yadda adadin magani ya zauna.

A ganina matsalar daga makaranta take. Mai ɗaukar hoto yana shekaru yana koyon kariya, amma ɗalibin likitanci, wanda gobe shi zai yanke hukuncin a yi hoton ko a fasa, darasi kaɗan yake samu. Shi ya sa ake cin karo da ma'aikacin da ke hana mai juna biyu sikanin ciki don tsoron haske, alhali sikanin da hoton MRI (mai aiki da maganaɗisu) ba su da irin wannan radiyeshan ko kaɗan, sannan ya maimaita wa yaro CT saboda an rasa hoton makon jiya. Jikin yaro ya fi saurin illatuwa, kuma yana da shekaru masu yawa a gaba da sankara za ta iya bayyana.

A ɗakin tiyata ma haka. Yawancin hasken da ke samun ma'aikaci daga jikin majinyaci yake warwatsowa. Ninka tazara sau biyu yana mayar da shi kashi ɗaya cikin huɗu, don haka ja da baya taku biyu kariya ce babba. Rigar dalma mai kaurin milimita 0.25 zuwa 0.5 rataye ta ake yi. Idan aka naɗe ta takan tsage a ciki ba a gani, dole a duba ta da hoto duk shekara. Bajon auna haske kuma da aka bari a aljihun tebur sifili zai nuna kullum.

A 2011 hukumar ICRP, mai ba da shawara kan kariya daga radiyeshan a duniya, ta rage iyakar abin da idon ma'aikaci zai ɗauka daga milisibat 150 zuwa 20 a shekara (a matsakaicin shekaru biyar), saboda yanar ido. Majinyaci shi ba a yanka masa iyaka ba, domin CT kan ceci rai. Kariyarsa tambaya ce kafin a sa hannu a takarda: sakamakon hoton nan zai sauya maganin da za a ba shi?