Kasa a ƙofar gida

Wayar nan tawa da ba ta da ƙ mai lanƙwasa wata rana sai ta sa an kore ni daga unguwa wallahi. Ɗan gini nake taɓawa a bayan gida, mai tifa ya zo ya juye kaya ina wurin aiki, sai na tura wa uwargida saƙo: "Akwai kasa a kofar gida, kar yara su je wurin." Iyakar abin da na rubuta ke nan fa.

Ashe ita kasa ta karanta, macijiyar nan mai shegen barci wadda in ta sari mutum sai dai addu'a. Kafin in dawo layinmu ya cika maƙil, maza da sanduna, wani har da galan ɗin fetur, an kulle yara a ɗaki suna ta ihu ita kuma tana tsaye kan kujera tana salati. Na ce ina macijin? Aka ce ai kai ka gan shi.

Da na nuna musu tulin, wani dattijo tsohon malamin makaranta, ko sandar bai ajiye ba, ya ce "Yaro, ko ka sa lanƙwasar ma ba ka faɗi komai ba. Najeriya ƙasa ce, abin da kake takawa ƙasa ce, in ka faɗo daga bishiya ƙasa ka yi, wacce kake nufi?" Na ce Baba a yi haƙuri, ina! Ya riga ya hau. Yashi na gini, yumɓu na maginan tukwane, fadama inda ruwa ke kwanciya, jigawa kuma tudun rairayi, can jihar da aka ƙirƙiro a 1991 ta samo sunanta, lardi daga Larabci muka aro shi wato al-ard, fuloti kuwa kayan Bature ne. Mutane suka dinga sulalewa ɗaya bayan ɗaya, ni ba halin guduwa tunda ƙofar gidana ce.

Uwargida ta leƙo ta ce "Maigida, da kira ka yi, ai bakinka bai rasa lanƙwasa ba."

Ana cikin haka birkila ya iso, ya damƙi kayan ya murza a hannu, ya ce "Oga wannan ai turɓaya ce, ba ta kama siminti." Baba da ya fara tafiya ya juyo ya ce "Yauwa, turɓaya ma ban yi maka bayaninta ba, a miƙo min kujerar nan."