Wai Tanko sunan ƙauye ne?

Duk kun ga abin da ya faru a kan maganar sunan jaririn nan, ba sai na maimaita ba. Kaka ta ɗauki jikanta ta ce masa Tanko, uwar ta tashi ta ce kar a ƙara, wai sunan 'yan ƙauye ne, har mutane suna tafa mata a comment. Haba jama'a! Wallahi abin ya ƙona min rai.

Yaron nan fa mata uku ne a gabansa. Namijin da ya zo bayan mata shi ake ce wa Tanko, kamar yadda macen da ta biyo bayan maza take Kande ko Delu, wanda ya biyo tagwaye kuma Gambo. Tsohuwar nan ba da ka ta faɗa ba, tarihin gidan ta ba ku a kalma ɗaya, duk wanda ya ji sunan ya san an daɗe ana jira ana addu'a kafin Allah Ya kawo shi, ya san kuma yana da yayye mata da za su goya shi. Shi ne kunya?

Masu cewa ai ba sunan Musulunci ba ne don Allah ku huta. Wa ya taɓa sunan yanka? An raɗa masa Muhammadu, liman ya yi addu'a, an yanka rago. Tanko laƙabi ne, kuma dama haka muka taso, ana sakaya suna saboda kunyar mai sunan. Alhaji Tanko Yakasai da wannan sunan ya yi gwagwarmayar NEPU, da shi ya zama mai ba Shugaba Shagari shawara, ba wanda ya ce masa ɗan ƙauye. Amma ke uwar yaro kin je intanet kin kwaso wani suna da ko kakarsa ba ta iya furtawa, a tambaye ki ma'ana ki ce bari ki duba waya.

Ni tausayin tsohuwar nake ji, da farin cikinta ta zo aka gwale ta gaban mutane.

Kuma tunda ana maganar suna, wai yaushe aka daina kiran wanzami da safe? Yanzu sai kek da mai hoto da hayar hol, makwabta ko goro ba sa gani, rabon naman suna ma sai wanda aka ga dama.